Leda Ɗaya ta Jini

Litinin, 11 ga Agusta, 2025. Jega

Yaya ta iso da hantsi daga Maiyama, goye da ƙaramar, babban a kafaɗar ubansa. Shekara shida, amma hannu ɗaya ke ɗaga shi. Zazzaɓi tun Juma'a. Ƙafafu da baya, kuka har murya ta dushe. Na buɗe tafin hannunsa: fari fat. Na ja fatar idon ƙasa, babu ja ko kaɗan. Farin idon kuma ya yi rawaya.

Ko ruwa ba su sha ba. Asibiti.

Kati, layi, sikeli. Kilo 16. Zafin jiki 39.4. Likita ya ga SS a tsohon katinsa, bai ja magana ba. PCV, gwajin maleriya, rukunin jini. Gado.

Na bi takardar ɗakin gwaji da ƙafata. Wata tsohuwar ɗalibata ce a kan benci, yanzu tana kwalejin kimiyyar lafiya ta nan Jega, an turo su koyon aiki. "Malama, naki ne? Allah ya ba shi lafiya." Ta bar ni na tsaya daga bakin ƙofa. Huda yatsa. Siririn bututun gilashi ya zuƙi jinin da kansa. Ta toshe gindinsa da laka, ta kwantar a injin juyawa, minti 5. Da ta ciro, jini ya rabu uku. Ƙasa ja, jajayen ƙwayoyi. Bisansu wani ɗan layi fari-fari, da ƙyar ido ke kama shi, fararen ƙwayoyi ke nan da masu daskarar da jini. Sama ruwan jini, nasa ya yi rawaya fiye da kima. Ta ɗora a ma'auni. Jan bai je ko'ina ba.

14.

Na sha zana wannan bututu a allo. Yau hannuna ke rawa. Cikin kashi 100 na jininsa, 14 ne kawai ja. Yaro mai lafiya, 33 zuwa sama. Shi ko yana lafiya lau a 23 yake zama, jiki ya saba.

Maleriya: akwai, kuma da yawa.

Daren Litinin

Allurar atesunet ta farko ƙarfe biyu na rana. Ta biyu sai biyun dare, ta uku biyun ranar gobe. Ƙarin ruwa yana ɗiga a hankali. Maganin ciwo ya ɗan kama shi, barci rabi-rabi.

Yaya a tabarma ƙarƙashin gado. "Wai mi ne ne sha huɗun nan da kuke ta faɗi?" Na ce mata: ɓargon ƙashi ke ƙera jajayen ƙwayoyi, su ke ɗaukar iskar da muke shaƙa su kai ko'ina a jiki. Ta mai lafiya tana kwana 120 tana aiki. Tasa, kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Dama ɓargonsa a guje yake kullum, yana biyan bashi. Ga ƙwayar maleriya ta shigo, ita kuma cikin jajayen take shiga ta hayayyafa ta fasa su.

Ta yi shiru. Can: "To ɓargon ba ya gajiya?"

Yana gajiya.

Talata, 12 ga Agusta

Asuba, numfashi sama-sama. Zuciya na bugawa har ana ganin rigar na motsi. PCV 12. Likita: "A nemo jini yanzu."

Rukuninsa O, mai alamar tarawa. A firij akwai A, akwai B. Babu O. O kuwa ba ya karɓar kowa sai O.

Muka jeru. Farar tayil, ɗigo uku na jinin kowa. A ɗigon farko ruwa shuɗi, na biyu rawaya, na uku marar launi. A gauraya da tsinke, a karkata tayil ɗin a jira. Inda ya dunƙule ya yi gudaji, nan ne amsa. Na uban ya dunƙule a shuɗi: A. Nawa a rawaya: B. Na Yaya bai dunƙule a ko ɗaya cikin biyun ba, O ce, har ta miƙa hannu. Shayarwa take, PCV ɗinta 29. Aka ce a'a. Ta juya ta fuskanci bango.

Wani a bakin ƙofar asibiti ya matso, murya ƙasa-ƙasa, wai yana da yara masu bayarwa in za mu biya. Malam, maigidana, ya ce a dakata. Waya Aliero, wurin 'yan'uwansa.

Jira. Sha ɗaya. Sha biyu. Azahar.

Su uku a babur biyu, laka har gwiwa, daga gona aka kira su. Na farko B. Na biyu O ne, aka ɗauki jininsa aka shiga ciki, aka daɗe. Kowane mai bayarwa sai an duba shi: ƙanjamau, ciwon hanta na B da na C, tunjere. Aka kira shi shi kaɗai. Ya fito bai kalli kowa ba, ya ce zai jira a waje. Ba wanda ya tambaya.

Na uku ƙanin Malam. O, kuma AA. Tsoro a fuskarsa ƙarara, ga noma bai ƙare ba. "Matar Yaya, in anka ɗebe, ina iya riƙon kalme?" Mai ɗakin gwajin ya zaunar da shi: jikin babba na da wajen lita 5, mililita 450 za a ɗauka. Ruwan ya koma cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen cikin 'yan makonni. Yau dai a huta. Ya yi bismillah ya kwanta, ya kau da kai daga allurar.

Leda ta cika cikin minti goma, da ɗuminta. Aka haɗa ɗigonsa da ruwan jinin yaron a ga ko za su yi faɗa. Ba su yi ba. Aka rataye ledar jajayen su kwanta ƙasa, su kaɗai ake so, kada ruwa ya yi wa zuciyarsa yawa. Mililita 10 kowane kilo: 160. Awa 4.

An sa bayan Magariba. Minti 15 na farko nas ba ta matsa ba, tana duba ko rawar ɗari, ko ƙaiƙayi, ko zafi ya tashi. Babu. Ina kallon ɗigon yana sauka. Ba na iya addu'a mai tsawo, sai Ya Shafi, Ya Shafi.

Laraba, 13 ga Agusta

"Anti, kunu."

Kalmar farko da ba kuka ba. Leɓe ya yi ja-ja. PCV 20. Yaya dariya da hawaye lokaci guda. Uban ya fita ya sayo ƙosai ya raba wa duk ɗakin.

Na tambayi likita ko za a ƙara leda a kai shi 30. Ya ce a'a. Mai sikila ba a cika shi, jinin sai ya yi kauri ya toshe hanya. A mayar da shi kusa da inda ya saba, shi ke nan.

'Yan dubiya. Lemon malt da madarar gwangwani, ƙa'ida. Zogale. Wata maƙwabciya da kwalbar maganin ƙarin jini daga kemis, tsakani da Allah ta sayo. Nas ta karanta jikin kwalbar, ta ce ba nasa ba ne, sinadarin ƙarfe ne a ciki. Ƙarancin jini iri-iri ne. Na Yaya na rashin ƙarfen ne, haihuwa kusa-kusa, tuwo da miyar kuka, nama sai sallah. Ita ta dace da shi. Shi kuwa ƙarfe bai rasa ba, na ƙwayoyin da suka fashe yana nan a jikinsa, ga na ledar jiya. Folik asid ne nasa, ƙwaya ɗaya kullum.

Yau na ci abinci.

Alhamis, 14 ga Agusta

Tari cikin dare. Da safe yana riƙe da haƙarƙarin dama. Zafi ya dawo, 38.9.

Abin da likita ya ce a tsorata da shi tun farko: ƙirji.

Ɗan abin matse yatsa ya nuna 90. Ya kamata 95 zuwa sama. Iskar oksijin. Injin da wuta yake aiki, wutar ta tafi sau biyu kafin la'asar, kowane karo sai na ji cikina ya juya har a tada janareta.

Fararen ƙwayoyi 21,000. Na mai lafiya 4,000 zuwa 11,000. Masu sikila dama nasu kan ɗan hau, amma ba haka ba. Mafi yawa nutrofil, masu tashi idan ƙwayar bakteriya ta shigo. Allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya.

Nas ta dare ta kawo balan-balan daga jakarta, wai ya riƙa hurawa duk bayan awa biyu, huhu ya buɗe. Yana hurawa yana kuka. Yaya ta ce a ƙyale shi. Na ce a'a. Mun ɗan yi sa-in-sa.

Murnar jiya ta zo da wuri.

Juma'a, 15 ga Agusta

Babu sauyi. 91, 92, 90.

Gadon gefe, yarinya 'yar shekara tara daga wani ƙauye bakin gulbi. Haɓo ba ya tsayawa, dasashi na jini, tabo shuɗi-shuɗi a ƙwauri ba tare da ta faɗi ba, ƙananan ɗigo ja a ƙirji. An yi mata ƙarin jini wata biyu da suka wuce, ya sake zubewa. Uwar ta miƙo mini takarda, ta ji ana ce mini Malama.

Masu daskarar da jini 11,000. Ya kamata 150,000 zuwa 450,000. Su ne ke taruwa su toshe bakin rauni, shi ya sa haɓon. Fararen ƙwayoyi 86,000. Jajaye ƙasa. Ƙasan takardar an rubuta cewa an ga fararen da ba su nuna ba, masu yawa.

Na san abin da wannan ke nufi a littafi. Ɓargo ya cika da farare marasa amfani, sun hana sauran wuri. Sankarar jini. Ba ni ce mai faɗa ba. Na ce, "Baiwar Allah, ki bi abin da likita ya ce, kada ku koma gida." An rubuta musu takardar asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, can za a ɗebi ɓargon a duba. Uban ya tafi neman kuɗin mota tun safe.

Bayan Juma'a suka tafi. Ban ga wace hanya motar ta bi ba, ta Sakkwato ko ta gida.

Asabar, 16 ga Agusta

Ruwa tun asuba. Sanyi. Safa, hula, bargo biyu, sanyi na tayar masa da ciwo. Ruwan sha kofi bayan kofi, ina ƙirgawa a bayan takardar magani.

93.

Wanki bai bushe ba.

Lahadi, 17 ga Agusta

An cire oksijin da hantsi, a gani. 95. Ya zauna da kansa. Balan-balan ya fashe, ya yi dariya, ya riƙe haƙarƙari.

Inna ta zo daga Maiyama da fura a ƙwarya. "Ina angon nawa? Kai, ka tashi, wa za ya yi mini cefane?" Ya ɓoye fuska. Ta shafa cikinsa, yatsunta suka bi tsofaffin tsagar da wanzami ya yi masa a hagu yana ɗan shekara biyu, lokacin da saifa ta kumbura.

A baranda ta fara. Wabi ne, tun na fari. Biyu sun tafi kafin wannan, ɗaya bai kai yaye ba, ɗaya yana shekara uku. Dukansu kumburin hannu da ƙafa, zazzaɓi, fari fat, kwana biyu. Babu wanda aka gwada. Ba na iya rantsuwa, amma kumburin 'yan yatsu a jariri alamar farko ce ta sikila, kowane littafi ya faɗa.

Na ce, Inna, Yaya AS ce, mijinta AS. Kowane ciki, kashi ɗaya cikin huɗu SS. Ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ba. Kowane ciki sabon lissafi, ana iya jera uku, ana iya haihuwa shida babu ko ɗaya. Ta ce, "Duk abin da Allah ya rubuta." Na ce haka ne, kuma shi ya ba mu sanin. Ba ta amsa ba. Ba ta yi fushi ba kuma.

Sai ta kawo maganar da ke cina: 'yar Baffa da ɗan Kawu, an sa rana bayan kaka. Gida ɗaya, jini ɗaya. Auren zumunci ba shi ke ƙirƙiro sikila ba, ko bare ka ɗauko a ƙasar nan, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da S. Amma gidan da aka riga aka san tana ciki, haɗa biyu ba gwaji ganganci ne. Ni AS ce. Yaya AS. Daga wani wuri muka samo.

"An yi gwaji?"

"Wa za ya tunkari Baffanku da wagga magana?"

Litinin, 18 ga Agusta

PCV 18. Ya sauka biyu.

Gwiwata ta yi sanyi. Likita bai firgita ba. Fitsari? Ya ɗan yi duhu. Ido? Rawayar na nan. Ya ce wani lokaci bayan allurar maleriya mai tsanani, ƙwayoyin da cutar ta taɓa kan ci gaba da fashewa mako ɗaya zuwa uku. A sa ido. A sake gwadawa Laraba.

Ya kama hannun Yaya ya ɗora a cikin yaron, hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. "Hajiya, danna a hankali. Kin ji wani abu mai tauri yana taɓa yatsunki in ya ja numfashi? Saifa ce. Yau yatsa biyu ta sauko. Kullum da safe ki duba. Ran da kika ji ta kai huɗu, ya yi fari, ya yi laushi, ko tsakar dare ne ki taho. Jinin ne ke taruwa a ciki." Ta gwada sau uku har ta gane. Fuskarta ta canza. Yau ne aka fara ba ta wani aiki a kan ciwon ɗanta ban da riƙe shi.

Wanzami ya ga daidai, saifar ce. Aska ce ba ta kai can.

Talata, 19 ga Agusta

Birnin Kebbi, ni da ƙaramar da uban. Hanyar Kalgo, gero ya fitar da kai, shinkafa kore shar a fadama. Wata tara gare ta, ba a taɓa duba jinotayif ɗinta ba. Kafin wata shida jinin ciki na rufe gaskiya a gwajin da aka saba yi, yanzu ya ja baya. Na ce a yi wanda ke auna kowane kashi. Ta tsala ihu da allura, ta yi barci a mota.

Sakamako sai an kira.

Katin rigakafinta a jakar uban, na duba. Allurar maleriya uku, wata biyar, shida, bakwai. Saura ta wata 15. A Disambar 2024 aka fara ta a Najeriya, jiha biyu kacal, Kebbi da Bayelsa. Ba don gata ba: binciken 2021 ya samu ƙwayar maleriya a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi, babu jihar da ta kai mu. Wannan 'yar ta zo a kan gaɓa. Yayanta ya wuce shekarun allurar, ya wuce na maganin damina da ake bi gida-gida ana ba 'yan ƙasa da shekara biyar. Gidan sauro kawai, da ƙwayar da aka rubuta masa, wadda ta ƙare tun kafin babbar sallah.

Ban ce wa uban komai ba a kan wannan. Na ga takalminsa.

Daren Talata

Barci ya ƙi. Waya a hannu, karatu.

Ɗalibata ta nuna mini gilashin jininsa a madubin likita ran Alhamis. Masu lafiya zagaye, tsakiya a lotse. Nasa da yawa a lanƙwashe kamar lauje, baki biyu masu tsini. Su ke sarƙewa a ƙananan jijiyoyi, ƙashi ya rasa iska, ciwon ke nan. A 1910 wani likita a Chicago, James Herrick, ya fara rubuta wannan siffa, daga jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada. Kakanninmu sun san ciwon tun kafin nan, amosanin jini. Ganin ƙwayar ne ba su yi ba.

Duk bambancin, tubali ɗaya a jikin himogulobin, na shida a sarƙar, ya sauya. Shi ke nan.

1954, Anthony Allison a Gabashin Afirka: masu AS sun fi tsira daga maleriya mai kisa. Shi ya sa S ta yi yawa a inda sauro ya yi yawa. Abin da ya raya ni da Yaya muna yara a Maiyama, shi ya kwantar da ɗanta. Jarirai wajen 150,000 kowace shekara a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu.

Dashen ɓargo na warkarwa. An fara yi a asibitin koyarwa na Benin a 2011. Ingila da Amurka sun amince da maganin gyaran ƙwayar halitta a ƙarshen 2023, sama da dala miliyan 2 mutum ɗaya. Na kashe wayar.

Abin da hannunmu zai iya kaiwa: haidroksiyuriya. Ƙwaya ɗaya kullum, tana sa jiki ya koma ƙera irin jinin jarirai wanda ba ya lanƙwashewa. Ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu. Sai an riƙa ƙirga ƙwayoyin jini a kai a kai, don tana iya danne farare. In tambayi likita. In tambayi kuɗinta a wata.

Laraba, 20 ga Agusta

18. Bai sauka ba, bai hau ba.

An koma maganin baki. Ya taka har ƙofar ɗaki ya dawo. Ya ci tuwo loma biyar, ya nemi rake.

Gadon yarinyar nan an sa wani jariri, kwana huɗu da haihuwa, rawaya har tafin ƙafa. Kayan jegon duk warin kafur. Nas ta sa aka kwashe su waje, ta ce akwai yaran da jajayen ƙwayoyinsu ba sa jure kafur, fashewa suke, maza sun fi. An sa shi ƙarƙashin fitila shuɗiya, ido a ɗaure. Kakar tana ta cewa a ba shi ruwan tsimi. Ba a ba shi ba.

Waya shiru daga Birnin Kebbi.

Alhamis, 21 ga Agusta. Aliero

Na je godiya wurin ƙanin Malam. Turmin atamfa ga matarsa, shi kuma hanta da kankana, Malam ya ce haka ake yi. Na same shi bakin rumbun albasa ana tsince ruɓaɓɓu, warin ya cika unguwa. Lafiya lau, tun washegari ya koma gona. Yanzu shi ke ba da labari, hannu a miƙe yana nuna gurbin allurar. "Matar Yaya, ashe ba komi ba ne. Yaushe za a ƙara?" Wata uku tukuna.

Samari sun taru. Ɗaya ya ce ya ji ana sayar da jinin da aka bayar. Ɗaya ya ce yana rage ƙarfin namiji. Na amsa abin da na sani. Babu masana'antar jini a duniya, daga hannun mutum yake fitowa. Leda kwana 35 take yi a firij, daga nan ta lalace, don haka ba a tara na shekara. Garin nan da mutane ke zuwa daga nesa a ɗora musu karaya, ga jami'a cike da matasa, a ce yaro ya kusa tafiya don leda ɗaya. Raina ya ɓaci ina magana, na ji muryata ta hau.

Huɗu sun ce a rubuta su. Biyu sun san rukuninsu. Na rubuta a bayan littafin nan.

Wanda aka mayar ran Talata bai fito ba. Na aika a gaishe shi. Na ce wa Malam ya same shi su biyu, ya tabbata ya koma asibiti.

A hanyar dawowa ruwa ya tare mu. La'asar a wata rumfa.

Juma'a, 22 ga Agusta

PCV 19. Sallama.

Likita ya cika takarda gaba da baya. Folik asid. Maganin kariyar maleriya, kada ya yanke. Ruwa da yawa. Kada wankan gulbi, kada dukan ruwan sama. Zazzaɓi ko na awa ɗaya ne, asibiti, ba kemis ba. In baki ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta sarƙe, a gudo, shanyewar ɓarin jiki na kama masu sikila tun suna yara. Haidroksiyuriya: sai jini ya daidaita, kuma a asibitin da ke da likitan jini za a fara. Ya rubuta mana takarda. Kada a sake masa gwajin jinotayif kafin wata uku, jinin Aliero na yawo a jikinsa, zai nuna AS a ruɗe mu.

Yaya ta ɗaure takardar a leda, ta sa a lalita.

Ba Maiyama za su ba. Na ce su zauna wurina har a ga ƙarshen makonnin nan. Uban ya yi jim, ya yarda, shi zai koma saboda gona. An sayar da tunkiya biyu. Ban san ta uku ba.

Ɗalibata ta rako mu har bakin titi.

Asabar, 23 ga Agusta

Ya kwana bai farka ba. Ni na farka sau da yawa, ina taɓa goshinsa.

Da safe na leƙa: Yaya durƙushe, yatsu a cikinsa. "Biyu," ta ce, ba ta ɗago ba.

Lahadi, 24 ga Agusta. Maiyama

Baffa a zaure bayan Azahar, carbi a hannu. Na durƙusa, gaisuwa ta yi tsawo, ya tambayi mai jiki. Sannan na faɗa. Duka. Sha huɗu, sha biyu, ledar Aliero, biyun da ke kwance a maƙabarta. Na ce ko a Kano tun 2024 doka ce, ba a ɗaura aure sai da takardar gwaji, jinotayif na ciki. Na ce ɗigon jini ne, ni zan biya.

Ya daɗe bai ce komai ba. "Ɗiyata, in anka gwada anka ga abin, mi za ni ce ma Kawunku? An riga an ci goro."

Na ce, Baffa, a gaya masa abin da aka gani. Shi ma jikansa ne za a haifa.

Ya ce a kai su ran Laraba, su biyu, kada mata su ji tukuna. Bai ce abin da zai yi da sakamakon ba.

Na dawo Jega da Magariba. Yaron ya ɗan yi ɗumi, 37.6, ya ci abinci, yana wasa. Na auna sau biyu. Birnin Kebbi ba su kira ba. Alhamis za a sake PCV.

Na faɗa wa Baffa kafin in tashi, kuma zan sake faɗa ran Laraba: in duka biyun AS ne, kada a ɗaura.